Tayar da Aka Yi wa Tsaga

Ko daga barci aka tashe ni aka ce in faɗi ranar da ta fi zauna mini a rai, ba sai na yi tunani ba. Ita ce ranar da maigidana ya ɗauko ni daga Tambuwal zai kai ni goyon ciki gidanmu a Kebbe. Wannan rana kam, sai dai a rufe ni da ita.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Maigidan direba ne, yana jan akori-kurar wani ɗan kasuwa. Ni kuwa baƙuwa ce a Tambuwal, ban san kowa ba sai bangon ɗakina. Yakan yi kwana da kwanaki a hanya, ya bar ni daga ni sai cikina. Wallahi hira nake yi da cikin nan sosai. In ba shi labarin innata da kunun tsamiyarta, ya motsa, in ce to, ya ji.

Tayoyin motar sun suɗe tas kamar tafin hannu, mai mota kuma ya ce sababbi sai bayan kaka. To direbobin zamanin suna da wata dabara. Sai a kai taya wurin mai faci, ya sa ƙarfe a wuta ya yi jawur, ya bi ta yana zana mata layi-layi, a goge da baƙin mai. Daga nesa sai ka rantse sabuwa ce.

"Diba nan, an yi musu tsaga," in ji maigidan da safen tafiyarmu, yana dariya. "Sun koma 'yan mata."

Na ce, "Tsohuwa ko an yi mata kitso, tsohuwa ce."

"Ke dai shiga mu tahi. Birkin ga shina kamawa, mi kika tsoro?"

Farkon damina ne, an yi ruwa da asuba, jar ƙasar hanya ta yi laushi. Muka ɗauki gishiri da kananzir, babu fasinja ko ɗaya. Mun yi nisa, muna gangara wani rafi, sai ga shanun Fulani sun cika hanya. Ya taka birki. Kuma birkin ya kama, don na ji ƙafafun motar sun daina juyawa. Amma motar ba ta tsaya ba! Tafiya kawai take a kaikaice, shiru, kamar sabulu a kan dutse. Yana murza sitiyari yana salati, ko a jikinta. Muka zarce cikin kwazazzabo, cikina ya bugi ƙarfen gaba.

Shi ko ƙwarzane bai yi ba. Ni ce da ya fito da ni na ga zanena ya jiƙe, marata ta ɗaure. Makiyayin ya riga ya kora shanunsa daji don tsoro. Maigidan ya shimfiɗa mini rigarsa a gindin kalgo, ya ce, "Yi haƙuri, bari in gano mutane," ya sheƙa da gudu.

Ban taɓa sanin kaɗaici ba sai ranar. Babu motsin kowa, sai ɗigar ruwa daga ganye da ƙarar injin yana hucewa. Na kira Inna har muryata ta dishe. Daga inda nake kwance ina kallon tayar baya, laka ta cike tsagar nan ta shafe ta sumul. Na dafa cikina na ce, "Kai dai riƙe, mun kusa." Bai riƙe ba.

Ni kaɗai na haife shi. Namiji ne, ɗan mitsitsi, watanninsa ba su cika ba. Ya yi kuka sau ɗaya, na sa shi a ƙirji na rufe da mayafi. Kafin maigidan ya dawo da mutanen wani ƙauye, jikinsa ya yi sanyi. A nan suka yi masa sutura suka rufe shi, aka ɗora ni a jaki zuwa Kebbe.

Abin da ya fi ci mini rai, ɗan fari ne, kuma a wurinmu uwa ba ta nuna ɗan fari, balle ta yi kukansa a gaban mutane. Alkunya ce. Mata suna shigowa suna cewa, "Allah shi ba da mai zama," ni kuma ina sunkuyar da kai kamar ba da ni ake ba. Inna ta yi mini wankan jego har arba'in, safe da yamma, nono yana zuba, hannuna wayam. A cikin tururin ruwan zafin nan kaɗai nake samun kuka, don ba mai bambance hawaye da gumi.

Maigidan ya daɗe yana faɗa wa mutane, "Wallahi birki ya kama." Gaskiya ya faɗa, Allah ya jiƙansa. Sai dai birki taya kawai yake tsayarwa, taya ce ke riƙe ƙasa. Na haifi wasu bayan nan, har da jikoki, amma yau duk duniya ni kaɗai na san inda kabarin yake. Abin da na koya shi ne, ido ake yi wa kwalliya ya yarda, hanya ba ta yarda. Kuma ranar da ta ƙi, sau da yawa wanda bai san hawa ba bai san sauka ba shi ke tafiya.