Baƙuwar Gidan Bulama

Abubuwa da yawa sun ɓace mini a aikin nan, har sunayen waɗanda suka zage ni, amma ban taɓa mantawa da ranar da aka tura ni jinyar kaza ba. Ku yaran da kuka shigo da takardar makaranta kuna yawan tambayata yadda aka yi mutum irina, wanda ya gudu daga aji uku, ya samu kaki da kujera. To ga shi na rubuta muku, ku bar ni in huta. Ba ilimi ba ne, ba kuma wani nawa ne a sama ba. Kashin kaza ne.

A bazarar 1977 ne, bayan an rushe En'e an ce yanzu sunanmu ƙaramar hukuma. Suna ya sauya, mutanen dai su ne. Lokacin Gumel tana ƙarƙashin Kano. Ga wanda bai san tsarin aikin dabbobi ba, a sama akwai Malamin Dabbobi, namu sunansa Malam Lawan. Ƙarƙashinsa 'yan allura, masu bin rugage suna yi wa shanu rigakafi. Sai direba, sai masinja, sai keken ofis, sannan mu leburori 'yan kullum. Na sa keke a gabanmu ne saboda shi yana da lamba, in ya ɓace za a neme shi. Ɗan kullum kuwa, ranar da aka ga dama a ce masa gobe ya huta, hutun ke nan har abada. Aikina riƙe ƙahon shanu da shan harbinsu. Ina da mata da yara, kuma an daɗe ana ce mini ana duba maganar tabbatar da ni. Duban bai taɓa ƙarewa ba.

A shekarar aka kawo wani shiri na kajin Turawa, jajaye manya, wai sun fi namu ƙwai. Aka ce a fara ajiye ɗai-ɗai a gidajen masu gari, talakawa su gani su yi sha'awa. Kowace da zoben ƙarfe a ƙafa, da lamba a jiki. Kun ga ita ma ta wuce ni. Ni na kai ɗaya cikin kwando a bayan keke, wani ƙauye gaba kaɗan da Gagarawa Tasha, gidan Bulama, wato mai garin. Saƙon da Malam Lawan ya ba ni na isar ba ƙari ba ragi: a kula da ita sosai, ba irin kajinku ba ce, kuma kayan gwamnati ce, ba mai sa mata wuƙa sai da izinin ofis. Bulama ya karɓe ta da hannu biyu, ya ce ya ji ya ɗauka.

Ba a yi wata ba sai ga ɗan aike ranar kasuwa, wai baƙuwa, wato kazar, ba ta da lafiya. A makon kuma aka ce wani babba zai zo daga Kano ganin yadda shirin ke tafiya, kuma gidan Bulaman nan aka zaɓa, don mota tana iya kaiwa ba tare da ta kafe a yashi ba. Malam Lawan ya kira ni. Bai ɗago kai ba ma.

“Isiyaku, kai ka kai ta. In ta mutu kafin baƙon nan ya zo, kada ka wahalar da kanka da dawowa. Ka aiko da keken kawai.”

Na ce ranka ya daɗe, wane magani zan tafi da shi? Ya ce a kabad babu komai sai allurar shanu da maganin kaska, in yi dabara. Wannan kalma ita ce maganin da ofishinmu bai taɓa rasawa ba.

Na isa da azahar, rabin hanyar ni na ɗauki keken, ba shi ya ɗauke ni ba. Na tarar da Bulama a zaure yana wasa wuƙa a kan dutse. Bayan gaisuwa ya yi mini bayani a natse, kamar mai ba da fatawa. Ya ce shi bai ƙi umarnin hukuma ba, amma bai taɓa zuba ido halal ta zama mushe a gidansa ba, kuma ba zai fara da tsufansa ba. In ya ga rai zai fita, zai yanka, in ya so a kai shi gaban alƙali. Na ce Allah ya ba ka nasara, in ka yanka ta, ni ka yanka. Ya ce to ai gara ni, ni ina da bakin yin kalmar shahada.

Uwargidansa, wata tsohuwa Iya Hansai, ita ta shigar da ni. A tsakar gida kajin gidan suna ta tonon juji, ƙananan ƙazamai, kowace lafiyarta lau kamar an yi mata ruwan allura. Na duba ban ga ja a cikinsu ba. Iya Hansai ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce ɗan nan, baƙuwar gwamnati ce za ta yi tonon juji a gidan Bulama, a yi da mu a gari? Ta ja ni wani ɗaki ta buɗe ƙofa.

Ɗakin an share shi tas, an yi masa sabon daɓe, ko ƙwayar tsakuwa babu. An shimfiɗa tabarma. Ga kwano da fura da nono, ga wani da tuwon jiya da miyar kuka, ga sauran kunu. Ni da na auri mace ban yi mata ɗaki irin wannan ba. A kan tabarmar ga baƙuwa a takure, fuka-fukai a zube, ido a lumshe, tana wani karkaɗa wuya kamar mai son haɗiye abin da ya ƙi wucewa. Tun ranar da na kawo ta ba ta taka ƙasa ba.

Bari in yi wa wanda bai taɓa fiɗar kaza ba bayani. A gindin wuyanta akwai wata 'yar jaka, nan abinci ke fara sauka kafin ya wuce ƙundu. Kaza mai lafiya, da yamma jakar a cike, da safe wayam. Ƙundu kuma ba ya niƙa sai da tsakuwar da take tsinta a ƙasa. In abinci ya tsaya a jakar, ga shi jiƙaƙƙe, ga zafin bazara, sai ya yi abin da gasara ke yi in ta kwana. Na taɓa tata na ji ta kumbura luɓus kamar salka. Na buɗe bakinta na sunsuna, na yi nadama. Wannan ba karatu ba ne, kowace tsohuwa ta san shi a kajinta. Iya Hansai ma ta sani. Ta ce ta ga alama, amma ta ɗauka cikin Turawa daban yake da namu.

Na kwashe kwanukan na fitar. Na roƙi kanwa 'yar kaɗan a ruwa mai ɗumi, da man gyaɗa a cokali. Na zauna na ɗora ta a cinya ina murza jakar a hankali. Da ta yi laushi sai na sunkuyar da kanta ƙasa na ɗan lokaci kaɗan, in ɗago ta ta numfasa, in sake. Nan ne hatsarin yake, in ka daɗe ruwan ya bi ta hanyar numfashi, shi ke nan ka gama mata. Abin da ya fito ba zan kwatanta ba, kuna iya cin abinci. Duk a kan wandona ya sauka, kuma shi kaɗai na zo da shi. Iya Hansai tana bakin ƙofa ta toshe hanci, ta ce lallai gwamnati ta iya zaɓen miji ga 'yarta.

Na ɗiga mata ruwan kanwa a gefen baki, na ce daga yanzu ba abinci, ruwa kawai, sai jakar ta sauka. Nan muka ɓata da tsohuwa. Ta ce ita ba ta taɓa jin an sa baƙo azumin dole ba, ko a gidan maƙiyi. Na ce Iya, karamcinku ne ke kashe ta. Ta ce to, ta ji. Ashe “to” ɗin nan irin na ofishinmu ne.

A zaure na kwana. Da safe na shiga na tarar da ɗan ƙoƙo a bayan ƙofa da ragowar fura, wai an dama ta ruwa-ruwa don marar lafiya. Jakar ta koma yadda take, har ta fi. Kazar ta kwanta a gefe ɗaya, ƙafa a miƙe. Iya Hansai ta kira Bulama. Ya shigo da wuƙarsa da buta, ya duba, ya ce a fito da ita waje. Ya juya ta gabas, ya taka fuka-fukan da ƙafa ɗaya.

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Ban taɓa durƙusa wa surukina haka ba.

“Allah ya ba ka nasara, ka ba ni zuwa la'asar.”

“In ta cika kafin la'asar fa? Alhakin a wuyan wa?”

“A wuyana. Ka haɗa da sauran.”

Ya daɗe yana kallona, ya kalli wandon, sannan ya ɗage ƙafarsa. Amma bai tafi ba. Ya sa aka kawo masa tabarma ya zauna a inuwar rumbu, wuƙar a kan gwiwa, ya ce bisimillarsa tana bakinsa.

Haka muka wuni mu uku. Ni ina murza, ina zubarwa, ina ɗiga ruwan kanwa, in bi da ɗigon mai. Shi yana jan carbi yana leƙen idonta. Ita tana tsakani, gwamnati ta riƙe kai, shari'a ta riƙe wuƙa. Mutanen gari suka yi ta leƙe ta kan danga suna tambaya ko likita ya ci nasara. Wani ya ce a tsaga jakar a ɗinke, wani ya ce a ba ta barkono. Kowa likita ne in ba aikinsa ke kan wuƙa ba.

Ana kiran la'asar Bulama ya miƙe ya gyara riga. Daidai nan baƙuwa ta ɗaga jela ta saki kashi a kan ƙafata. An yi mini haihuwa ba sau ɗaya ba, amma Allah ya yafe mini, ban yi murna irin ta ranar ba. Kashi ya fita, ma'ana hanya ta buɗe. Na nuna wa Bulama. Ya sunkuya ya duba da kyau, ya mayar da wuƙar kube, ya ce to a yi alwala.

Daga nan sauƙi ne. Ɗan kindirmo kaɗan, sai tsaki busasshe, kuma na hana a mayar da ita ɗaki. Na sake ta a tsakar gida. Farko ta tsaya tana kallon ƙasa kamar ba ta san mene ne ba, can sai ta fara tsintar tsakuwa. Kafin ranar baƙo ta iya tonon juji fiye da 'yan gida, har tana korarsu.

Ranar da baƙo zai zo Malam Lawan ya riga shi isowa. Ya ga kayan gwamnati a kan juji, ta yi buɗu-buɗu da toka, tana jan wata tsutsa. Ya tambaye ni ko na haukace. Ya sa aka goge ta da tsumma, aka sake share ɗakin, aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka jera kwanukan. Iya Hansai ta dube ni ta yi murmushin wadda aka wanke.

Baƙon ya zo, mutum mai fara'a, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya leƙa ɗakin ya ga kaza ja tana sheƙi a kan tabarma. Ya tambayi abin da ake ba ta, Iya Hansai daga bayan ƙofa ta lissafa masa fura da nono da tuwo. Ya juya ga 'yan rakiyarsa ya ce kun ga abin da kulawa ke yi, haka ake so a ko'ina, kowace kaza da ɗakinta. Na buɗe baki. Malam Lawan ya taka mini ƙafa, da takalmin nan nasa mai ƙarfe a dunduniya. Baƙon ya tambayi wa ke kula da ita, aka nuna ni. Ya ce irin wannan ba a barinsa a ɗan kullum.

Abin da shekaru na riƙe ƙaho ba su yi ba, an yi shi kafin ya shiga mota. Aka tabbatar da ni, aka ba ni kaki, aka ba ni sabon aiki: in zaga ƙauyukan Gagarawa da Maigatari da Sule Tankarkar ina koya wa mutane kiwon zamani, wato ɗaki, tabarma da kwano.

Na kuwa yi. Ni ba mai saɓa umarni ba ne. A zaure nakan isar wa maza saƙon hukuma tiryan-tiryan, su ce sun ji sun ɗauka. In zan tafi sai in roƙi ruwan sha, in tsohuwar gidan ta kawo, in ce mata Iya, ɗakin dai a yi, amma ƙofar kada a rufe. Inda aka ji maganar tsohuwa, kaji sun rayu. Inda maigida ya fi son gwamnati, na koma da kanwa.

Abin da na koya ke nan a aikin nan, ku riƙe ko ku zubar. Abin da manya suka manta da shi yakan rayu. Abin da suka sa wa ido, shi za ku tanadar wa magani. Baƙuwar gidan Bulama ta koma jujinta tun kafin ƙurar mota ta kwanta, ta tsufa a can cikin ƙoshin lafiya. Ni ne aka bari a ɗaki da kujera. In kun ga ina lalube a aljihun kakin nan bayan an fito daga taro, ba goro nake nema ba. Kanwa ce, kuma ba ta kaza ba ce.