Zoben Hajiya da Injin Taliya

Lokacin da sojoji suka koma bariki, 'yan siyasa suka cika gari, aikina buga fasta ne a wani shago kusa da Ƙofar Kabuga. Yini nake gaban kwamfuta ina goge ƙuraje daga fuskokin masu neman kansila. A shagon na samu kyamarar dijital, na zama ba na zuwa ko'ina sai da ita a wuya.

A Jakara kakata take, wadda muke kira Hajiya. Jikar Larabawan fatake ce, alkaki da taliyarta sun yi suna a unguwa. Likita ya ce hawan jinin ido ne da ita. Na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana bin sa a hankali. A yatsanta akwai zoben azurfa da marigayi kakana, maƙerin azurfa, ya ƙera mata, da ɗan fure a kai wanda bai fi ƙwayar dawa ba.

Wata rana ta ce min, "Kai maigidan, wannan abin naka mai mai da mummuna kyakkyawa, zai iya nuna min furen nan? Na daina ganinsa, sai dai in shafa."

Na ce, "Wato ni za ki sa in yi wa tsohon mijinki talla?"

"Ai ya fi ka hannu. Kullum cewa yake duk Kano babu mai kama ƙafarsa."

Na yi dariya, amma na san idon ba zai jira ni ba.

Na cire gilashin kyamarar na juya shi gaba a baya, na ɗaure da salatif. Haka ƙaramin abu yake zama ƙato. Sai dai wurin da yake fitowa tar bai fi silin gashi ba, sauran duk dishi-dishi. Dabarar ita ce a ɗauki hotuna da yawa, kowanne a matso da zoben kaɗan, sannan kwamfuta ta tsinci mai kyau daga kowane hoto ta haɗa su wuri ɗaya. To hannuna rawa yake. Har na fara tsaki sai idona ya kai kan injin taliyar Hajiya. Na ɗaure shi a benci, na zura dogon kwali inda ake zura kwaɓin fulawa, na kafe zoben a kan kwalin da ɗan ƙulli. In na ɗan taɓa mariƙin, sai zoben ya matso kamar ba ya so.

Fitilar kyamara kuwa ƙona azurfar take yi fari fat. Na haƙura da ita, na fito tsakar gida, na shimfiɗa farin ƙyallen tatar koko a kan rariya na tare rana da shi. Hasken ya yi laushi. Ana haka maƙwabciya ta fara daka, benci ya kama rawa. Hajiya ta ɗaga murya ta kan katanga ta ce, "'Yar nan, gobe ki ɗaga mana daka zuwa azahar, zobe zai ɗauki hoto. Akwai alkakinki."

Washegari na zo da zumuɗi, ta miƙo min zoben tana murmushi. Yana walƙiya kamar sabon cokali. Ashe ta dirje shi da toka da lemon tsami. Baƙin da ya daɗe a cikin zanen, wanda shi ne yake fito da furen, ya tafi kaf. Na leƙa kyamara ban ga komai ba sai fari.

Raina ya ɓaci sosai. Na ce, "Haba Hajiya! Wa ya sa ki?"

"Kai ka taɓa ganin wanda ya je hoto da dauɗa?"

Na yi mata bayani ina huci. Da na gama ta ce, "Wannan ne abin kumbura baki? Ido in ya yi fari me ake masa? Miƙo min tanduna." Ta lakato kwalli ta murza a kan furen, ta goge saman da bakin mayafi. Kwallin ya zauna a cikin zanen, kowane layi ya fito raɗau. Na murza injin taliya ina ɗauka har aka kira azahar, taɓarya ta ci gaba da aikinta.

Da kwamfuta ta haɗa hotunan suka zama ɗaya, a injin da muke buga 'yan takara na buga shi, ya kusa faɗin tabarma. Na jingina shi a bango inda haske yake. Hajiya ta matso, ta karkata kai ta kawo idon dama kusa, tana bin ganyen furen ɗaya bayan ɗaya. Can sai ta tuntsire da dariya.

"Ka ga! Ka ga nan! Hannunsa ya goce. Ganyen nan a karkace yake. Mutumin nan ya cika min kunne da babu kamarsa, ashe da gurgun ganye ya aure ni!"

Ta yi dariya har hawaye ya wanke mata kwalli, ni ma na taya ta, ina murna kamar na ci zaɓe.

Kafin damina ta zagayo idon daman ya rufe. In na je gaishe ta nakan tarar da ita zaune a ƙofar ɗaki, babban yatsanta yana kewaya furen. In ya zo kan ganyen nan sai ya tsaya, ta yi murmushi ta ce, "Maigidan, ga gurgun nan, ina ganinsa."