Layar da ta shaƙe motar Alhaji Garba

Har gobe ba na mantawa da ranar da Alhaji Garba, dillalin shanu daga Hawandawaki, ya shigo garejinmu na Tasawa, motarsa na tuƙa baƙin hayaƙi kamar an cinna wa tsohuwar taya wuta. Ƙarshen damina ne, ina shekara ta biyu a wurin. Ku sabbin shiga da kuke ganina yau ina rabon aiki, a lokacin ba ni da aiki sai wanke ƙarafa cikin bahon isansi, wato fetur. Na yi kolej, na yi makarantar sana'a, amma tsarin gareji bai san wannan ba. Patro, mai gareji, shi ne a sama, sai manyan makanikai, sai mu 'yan koyo, kuma ɗan koyo ba ya buɗe kapo, wato murfin inji, sai an ce ya buɗe.

Ran nan manyan duk sun tafi suna, Patro kuma, Malam Isufu, ciwon baya ya zaunar da shi kan benci. Ya dube ni ya ce, "Dije, kullum kina cika mini kunne a ba ki mota. To ga ta. In ta tashi lafiya kafin la'asar, kin bar baho. In ta ƙi, kada in sake jin bakinki sai baɗi."

Alhaji ya ce, "Malam Isufu, mace? Maza sun duba ta a Mayahi, sun sake bujin da ke ba inji wuta, sun sake matatar iska, sun kasa."

Na ce, "To Baba Alhaji, ai maza ka riga ka gwada."

Bari in yi bayani don wanda bai san aikin ba. Motar tsohuwa ce, irin masu injeksiyo na farko, wato famfo ke turo isansi da ƙarfi ana fesa wa inji. A ƙarshen bututun isansin akwai wani ɗan supaf, wato bawul, mai kamar gwangwanin tumatir, cikinsa roba ce da sifirin. Wani siririn tiyo ya haɗa shi da maƙogwaron inji. In mota na tsaye tana aiki a hankali, inji na zuƙar iska da ƙarfi, zuƙar nan ta bi tiyo ta ja robar, supaf ya buɗe, rarar isansi ta koma tanki. In ka taka wuta zuƙar ta ragu, sifirin ya rufe, isansi ya ƙaru. To in zuƙar ba ta isa wurin supaf ba, sai ya riƙa ɗura wa inji kamar kullum a guje take. Hayaƙi ke nan, da baƙin buji, da tankin da ba ya kwana.

Na tada inji, na zare tiyon daga jikin supaf, na ɗora yatsa a bakinsa. Ya kamata ya tsotse ni. Ko alama. Na bi tiyon da ido, sai ga laya, ƙatuwa, ɗinkin jar fata, ɗaure a tsakiyarsa da tsirkiya. Tsirkiyar ta nutse cikin roba kamar igiya a wuyan ɗan akuya.

"Baba Alhaji, wa ya ɗaura wannan?"

"Ni. Kada ki taɓa!"

Ashe da ya tsallake rijiya da baya a hanyar Mayahi, wansa, malami ne, ya ba shi ita da sharaɗi biyu: ta zauna kusa da inji, kuma in an ƙulle ba a kwancewa. Alhaji ya buɗe kapo, ya ga wannan na juyawa, wancan na ƙuna, sai tiyon nan ne mai sanyi mai laushi. Ya yanko ɗanyar fata, abin da bai rasa ba a sana'arsa, ya ɗaure. Ku kun san halin ɗanyar fata. Zafin inji ya busar da ita, ta tsuke, ta shaƙe tiyo. Makanikan Mayahi duk sun gan ta, kowa ya yi bismilla ya kewaye ta ya tafi canza abin da ba ruwansa.

Ni ban iya kwana-kwana ba. Na ce, "Layarka ce ta shaƙe motar."

Alhaji ya miƙe tsaye. "Malam Isufu, ka ji ɗiyarka? Abin da ya tsare ni shi take zagi? Rufe mini kapo in tafi Maradi!"

Patro ya lallaɓo, ya leƙa, ya ga layar, sai ciwon bayansa ya motsa nan take, ya koma benci. Daga can ya ce, "Dije, bakinki, bakinki!"

Na ga baho na kirana. Na sassauta murya iya yadda Allah ya hore mini, wanda ba shi da yawa. "Baba, ban ce laya ba ta aiki ba. Ɗaurin ne. Kawo yatsarka." Ya ɗora a bakin tiyo, shiru. Na zare ɗaya gefen daga maƙogwaron inji, na ce ya taɓa ramin. Inji ya cafke masa yatsa, ya yi tsalle har hularsa ta faɗi.

"La'ilaha! Ta kama ni!"

"Wannan numfashin ne ya kasa wuce ƙullinka."

Ya tsaya yana duban yatsarsa. Can ya ce, "Ko da hakan ne, ba a kwancewa. Yaya ya faɗa."

"Yayan naka ya ce kada a yanke tiyo?"

Ya yi tunani da gaske, har da kallon sama. "Bai ambaci tiyo ba."

"To riƙe layarka da hannunka, ni ba zan taɓa ta ba."

Ya tallabe ta hannu biyu kamar jaririn ranar suna, yana karanto addu'a, ni kuma na datse tiyo ta dama da hagu. Laya ta fita da guntun robarta, ƙulli na nan yadda yake. Na sa sabon tiyo, na wanke buji, na ba shi wayar ƙarfe ya ɗaure guntun a jikin ƙarfen gefen inji da kansa. Sai da ya duba ƙullin ya sake dubawa kafin ya yarda a tada mota. Ta yi tari, ta zubar da sauran baƙin, muryarta ta daidaita. Ya zaga gari ya dawo ana kiran la'asar.

"Malam Isufu," in ji shi, "yarinyar nan ba ta da ta ido ko kaɗan. Amma mota ta huta."

Patro ya ce, "Dije, gobe ki zo da kayan aikinki. Baho ya nemi wani."

Abin da na koya ke nan. Supaf ɗin da ke aiki da zuƙar inji, kada ku zarge shi kafin ku ɗora yatsa a tiyonsa, don sau da yawa lafiyarsa lau, hanya ce aka tare masa. Sannan a ƙasarmu in kun buɗe kapo ba inji kaɗai za ku tarar ba, har da abin da mai mota ke tsoro. Wanda ya yi masa dariya ya kori mai mota, wanda ya kewaye shi ya bar mota da ciwonta. Ku tambayi mutum ainihin abin da aka hana shi, kalma da kalma. Galibi za ku samu wurin sa wuƙa.