Kaset ɗin da Kaka Ta Rataya a Saman Murhu

Tun 'yata Rahila tana ciki nake jin tsoron ranar da za ta buɗe baki ta ce, "Mama, ba ni labari." Ni a aji huɗu na tsaya, karatun littafi sai da ƙyar. Abin da na riƙe shi ne wanda na samu wajen kakata a Nukkai.

Ina da shekara bakwai ƙanen mamata, Kawu Bitrus, ya kawo bidiyo gida da kaset guda ɗaya tak, wani tsohon wasan ban dariya da aka ɗauka daga talabijin. Hoton ya koɗe, wani lokaci layi yakan ratsa fuskokin 'yan wasan, amma murya tana fita tas. In an ci tuwon yamma kuma akwai wuta, sai mu shimfiɗa buhu a falo. Kaka da kanta ta ajiye tatsuniyoyinta na bakin murhu, ta jawo kujerarta gaba.

Labarin wani marowaci ne da ya soya kifi, sai ga surukinsa ya yi sallama. Ya yi wuf ya tura kifin cikin hula ya ɗora a kai. Suruki kuwa ya miƙe ƙafa, ya tambayi lafiyar gona, ya tambayi lafiyar awaki ɗaya bayan ɗaya. Mai yana gangarowa ta bayan kunnen mai gida, kyanwa tana zagaya shi. Ba zagi, ba gaggawa. Ɗan wasan ma ba ya yawan magana, idonsa kawai ke bin kyanwar, mu kuwa muna birgima.

"Kai ɗan nan, cire hular mana!" Haka Kaka take yi wa akwatin tsawa, tana share hawaye da bakin zane. "Kakanku sak, Allah ya ji ƙansa. Har yadda yake murguɗa baki."

Da damina ta sauka, aiki ya kai Kawu ƙauye. Ya ce a kula, kada danshi ya sa kaset ya yi fumfuna. Kaka manomiya ce, wuri ɗaya ta sani da danshi ba ya kaiwa: saman murhu, inda take rataye irin dawa. Ta naɗe shi a tsumma, ta ɗaure shi cikin zangarniyoyi. Sati uku yana shan zafi da hayaƙi. Da Kawu ya dawo ya kwance, robar ta lanƙwashe, zaren ya manne.

Bai yi faɗa ba. Ya jujjuya shi a hannu, ya ce, "Haba Mama, ai ba iri ba ne." Ya zagaya kasuwar Jalingo kaf, bai samu wani ba.

Ran nan da yamma Kaka ta kira mu bakin murhu. "Ni na kashe muku mutanen nan, ni zan tashe su. Ku matso." Ta ɗora ƙwarya a kai, ta zama marowaci, ta zama suruki, har kukan kyanwa. Yau kyanwa ce za ta gudu da kifin, gobe suruki ne zai cinye. Muna dariya, ita ba ta yi. Bayan shekara biyu ta rasu.

Sai da na girma na gane ba wasa kaɗai ta rasa ba. A akwatin nan take ganin mijinta yana motsi, kuma da hannunta ta ƙona hanyar, tana ƙoƙarin adana ta.

Yanzu Rahila ta kai shekara huɗu. Ina ba ta labarin, muna kaiwa wajen kyanwa sai ta ce, "Sai me ya faru, Mama?" Ainihin ƙarshen labarin ya ɓace mini cikin na Kaka, kuma wasan ya fi ƙarfin bakina.

Don Allah, mai karatu, in akwai tsofaffin kaset a ƙarƙashin gadon gidanku, a duba kafin a zubar. In an ga wani mutum da mai yake zuba daga hularsa, a ara mini kwana ɗaya, mu zauna ni da 'yata mu gani har ƙarshe.