Zayyad da Tishun Gidan Malam Tukur

Zayyad magini ne a Bukkuyum, mutum ne mai yawan dariya, ga 'ya'ya uku. Sau ɗaya tak ya taɓa shiga ofishin 'yan sanda a rayuwarsa, yana ɗan shekara goma sha bakwai, kuma tishu ne ya kai shi.

A shekarar ya gama sakandare, ya ci kowane darasi ban da lissafi. Sai ya ɗora laifin kan Malam Tukur, malamin lissafinsu. A kantin kawun Zayyad akwai kwalin tishu da ya shekara biyu babu mai saye, don mutanen gari buta suka sani. Kawun ya ce a zubar. Zayyad ya ce shi zai zubar.

Ranar kasuwa da hantsi, Malam Tukur da matarsa Inna Kulsum suna can wajen cefane, Zayyad ya haura katangar gidansu. Ya naɗe bishiyar darbejiya da tishun tun daga ƙasa har reshe, ya bi ta kan rumbu, ya zagaye ƙofar zaure. Iska na kaɗawa, gida ya yi fari fat.

Abin da bai zata ba shi ne maƙwabta su ɗauka walima ake yi. Ko da Inna Kulsum ta dawo, ta tarar da mata takwas a tsakar gida sun ci ado, suna yi mata barka. Ta rasa barkar mene ne, amma ba ta iya korar baƙi ba, sai ta dama musu fura. Da la'asar kuma ruwan sama ya sauko, tishu ya jiƙe ya manne a bango, ya lalata kuɓewar da ta shanya.

Wata mai ƙosai ta ga wanda ya haura. Kashegari Zayyad da mahaifinsa, Malam Bello, suna zaune a benci gaban ɗan sanda.

"Kai wasa ka ɗauke shi," in ji ɗan sandan. "Shiga gidan mutum ba izini laifi ne, ɓarna ma laifi ce. In mai gida ya so, sai kotu."

Malam Tukur ma yana wurin. Ya daɗe yana kallon Zayyad, sannan ya ce, "Wanga yaro, naɗi nawa ka yi amfani da su?"

"Ashirin da huɗu, Malam."

"Kowane mita ashirin ne. Mita nawa ke nan?"

Zayyad ya dubi rufin ɗaki, ya dubi yatsunsa. "Ɗari biyu?"

Ɗan sandan ya kifa kai a tebur yana dariya. Malam Tukur ya ce shi ba ya son kotu, a dai rubuta yarjejeniya: yaro ya tsince gidan tas, sannan kwana arba'in ya zo bayan la'asar a yi lissafi. Malam Bello ya sa hannu har da godiya.

Tsinta kaɗai ta ci kwana shida. Inna Kulsum ta yi sati ba ta amsa gaisuwarsa, daga baya ta fara ajiye masa tuwo. Malam Tukur bai buɗe littafi ba ko sau ɗaya. Igiyar awo ya ba shi, ya sa shi auna katanga, zaure da ɗakuna, ya faɗi bulo nawa kowane ya ci. A nan Zayyad ya gane kansa na ja.

Ya sake zana jarrabawa ya ci, amma awon gini ya riga ya shiga ransa, ya bi wani magini zuwa Gummi ya koyi aiki shekara huɗu.

Bara damina ta ci katangar Malam Tukur, wanda yanzu ya yi ritaya. Zayyad ya zo da ma'aikatansa suka tashe ta cikin kwana biyu. Tsohon ya zagaya da sandarsa, yana ƙwanƙwasa bulo ɗaya bayan ɗaya, ya kasa samun inda ta karkace. Inna Kulsum ta yanka musu zakara.