Kawu Mai Bayanin Majigi

Jiya a ajin yaƙi da jahilci a Dutse, malamarmu ta ce kowa ya rubuta labarin wani dattijo. Sai Kawu ya faɗo mini a rai.

Shi ne mai bayani a motar majigi, wadda ke yawo tana nuna fim a garuruwa. Ana kafa farin ƙyalle a kasuwar Jahun, ya riƙe lasifika yana ara wa mutanen cikin hoton baki. Da finafinai masu magana da Hausa suka zo, aka sallame shi.

Bai taɓa haƙura ba. In an kunna talabijin sai ya ce, “Ku kashe muryar nan, ni zan faɗa muku.” Wata Juma'a yana tsaka da bayani, bakinsa ja da goro, na miƙa hannu na ƙure murya.

Ya ce, “Ɗan nan, ba ka bari in ƙarasa?”

Ban bari ba. Yau na iya rubutu, amma ko jimla ɗaya ta bayaninsa ban riƙe ba. Layi uku na yi, na ajiye biro.

Allah ya jiƙan Kawu, ni kuma ya yafe mini wannan miƙa hannun.