Ta'aziyya da Mutum-mutumin Roba

Kalgo, ƙarfe biyar da rabi

Ana sallame sallar asuba na ɗauki jakata na fito, ko koko ban tsaya sha ba. Ni ma'aikacin jinya ne, kuma ina cikin masu wani bincike a ƙananan asibitocin karkara. Muna bin diddigin waɗanda zuciyarsu ta tsaya farat ɗaya aka danna musu ƙirji, domin a gane abin da ke taimako da wanda ba ya yi. Dokar aikin ita ce ba a shigar da bayanin kowa sai da yardar danginsa.

Abin da ya tashe ni shi ne wayar Malama Saratu, ma'aikaciyar jinya 'yar Zuru, da ke wani ƙaramin asibiti a ƙasar Gwandu. An kawo mata wani makiyayi, Baffa Umaru, ya faɗi a ƙofa. Ta danna masa ƙirji, bai tashi ba. Wajen wankan gawa ƙanensa ya ji haƙarƙari biyu a karye. Tun ranar ba wanda ya sake taka asibitin daga rugagen yankin, har masu ciki. Ta ce in ba a yi wani abu ba za ta nemi canjin wuri.

Hanyar Gwandu

Shida da kwata na sauka Birnin Kebbi, na jira motar Gwandu ta cika har bakwai da rabi. Bayan Ambursa 'yan sanda suka tsayar da mu. Ɗayansu ya zuge jakata, ya yi ido huɗu da mutum-mutumin robar da muke koyar da danna ƙirji a kansa, rabin jiki ba ƙafafu. Ya ja da baya yana salati.

Direba ya ce, "Yallaɓai, wanga fasinja bai biya ba, amma ba shi da hayaniya."

Kowa ya yi dariya ban da ni. Hankalina na kan yadda zan shiga zaman makoki da takardar neman yardar dangi a aljihu. Muka wuce Dalijan tara saura, ana ta yankan gero.

Asibiti, tara da rabi

Na tarar da Malama Saratu ita kaɗai, benci wayam. Ta ba ni fura, ta miƙo rahotonta. Ta rubuta cewa ta yi minti goma sha biyu tana danna ƙirjin, ta daina. Na tambaye ta dalilin dainawa, tunda mun koya wa ma'aikatan su wuce haka in ba wani ya karɓe su ba.

Ta ce, "Malam, haka dai na rubuta."

Na ji haushi, don bincike ba ya son "haka dai". Amma da na ga idonta, sai na ninke rahoton na sa a jaka.

Ruga, bayan azahar

Ɗan acaba ya kai ni cikin minti ashirin. Ranar addu'ar bakwai ce. Na yi gaisuwa na zauna gefen tabarma har jama'a suka ragu, sannan na matsa wurin Malam Bello, ƙanen mamacin, dogon dattijo mai ƙarancin magana. Na faɗa masa ko ni wane ne da abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Mu abin da munka sani, in mutum yak kai gargara a juya shi gabas, a laƙana mai shahada. Ba a hau mai ƙirji ba kamar ana kirɓa sakwara. Ni niw wanke shi. Hannuna ya ji."

Ban yi musu ba, don gaskiya ya faɗa. Na ce ƙashi yakan karye ko an yi daidai, musamman ga tsoho, saboda sai an danna da ƙarfi jini ke kaiwa ƙwaƙwalwa. Ya dube ni kamar mai tallan maganin gargajiya a tasha. Sai na buɗe jaka na kwantar da mutum-mutumin a tabarma, na nuna masa inda ake ɗora hannu, na roƙe shi ya gwada.

Ya naɗe hannun riga. Ina ƙirga masa, ina cewa ya ƙara ƙarfi, ya ƙara sauri. Mutumin da ke ja wa shanu guga tun yana yaro, kafin minti uku ya jiƙe sharkaf, ya zauna yana haki.

Ya ce, "Ita malamar asibitin, minti nawa tay yi?"

"Sha biyu."

Ya daɗe yana kallon hannayensa. Sannan ya ce, "Ba ta gaya maka mi yas sa ta bari ba?"

Na ce a'a.

"Ni nij janye ta. Da ƙarfi, har ta faɗi." Ya ɗago ya dube ni. "Malam, don Allah, da na bar ta, da ya tashi?"

Wallahi na so in ce masa a'a don ya samu barci. Na ce, "Baba, rai na Allah ne. Da yawa ba sa tashi ko an yi awa guda. Wasu suna tashi. Ban san na Baffa Umaru ba, kuma rashin sanin nan ne ya sa muke wannan aiki."

Shi da kansa ya nemi takardar. Na karanta masa, ya dangwala yatsa. Ya ce, "Ka ƙara da cewa ɗan'uwanshi yah hana. Kak ka bar laihin bisa kanta." Ya kuma ce gobe da safe zai kai surukarsa awon ciki asibitin da kansa.

Komawa

Na biya asibitin na gaya wa Malama Saratu. Ta juya baya tana gyara kwalaben da ba su buƙatar gyara, ta ce in gaida gida.

Na samu motar ƙarshe ƙarfe huɗu da rabi, na iso Kalgo ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa mutanen rugar da suka saurare ni a ranar baƙin cikinsu. Allah ya jiƙan Baffa Umaru. A gurbin dalilin dainawa, na rubuta abin da Malam Bello ya ce in rubuta, ban rage ko kalma ɗaya ba.